Jiki Magayi: Rabon Jini a Ranar Ƙarancin Iska

 

Yau daga nesa za mu ɗauko zancen, daga birnin El Alto na ƙasar Boliviya a Kudancin Amurka, birnin da ke zaune a kan tudun da ya haura mita 4,000 idan an auna daga bakin teku. Baƙon da ya taso daga ƙasa mai kwari, da zarar ya sauka daga jirgi ya ɗauki jakarsa ya yi 'yan taku, sai haki ya kama shi kamar wanda ya yi tsere. Zuciya tana bugu da sauri, kafin dare kai yana sara. Yana tsaye yana mayar da numfashi, sai ga wata dattijuwa 'yar garin ta wuce shi goye da kaya, tana hawan tudu tana hira da jikarta. Iska ɗaya suke shaƙa. To, me jikinta ya sani wanda nasa bai riga ya koya ba?

Kafin mu amsa, bari mu daidaita wani abu. Iskar da ke kan wancan tudun, kashi 21 cikin 100 nata oksijin ce, daidai da ta Kano ko Damagaram. Abin da ya ragu shi ne nauyin iskar. A bakin teku, duk iskar da ke sama ta danno ta ƙasa ta danƙare ta, don haka kowane numfashi kamar mudu ne da aka cika aka danna. Idan aka hau sama sai iskar ta saki, mudun yana nan yadda yake, amma abin da ke ciki ya yi sako-sako. A El Alto mutum yana samun kusan kashi 60 cikin 100 na abin da zai samu a bakin teku. A ƙolin dutsen Everest kuwa, mai tsayin mita 8,849, kashi ɗaya cikin uku ne kawai.

Jiki kuma ba shi da rumbun ajiye oksijin. Yana ajiye kitse na watanni, yana jure ƙishirwa na 'yan kwanaki, amma oksijin abincin yanzu-yanzu ne. Ƙwaƙwalwa, wadda ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, ita kaɗai tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na oksijin ɗin da muke amfani da shi, kuma idan aka yanke mata shi na 'yan mintuna sai ta fara lalacewa. Jini ne ɗan aiken da ke kai mata. Babban mutum yana da kimanin lita 5 na jini, kuma zuciya tana zagaya da kusan wannan adadin a kowane minti ɗaya idan yana zaune. Saboda haka ranar da oksijin ya yi ƙaranci, tambayar da ke gaban jiki ita ce ta rabo: wa za a fara bai wa, wa zai jira?

Mai sauraro, ɗora yatsarka a gefen wuyanka, ƙasan muƙamuƙi, inda kake jin bugun jini. A daidai nan babbar jijiyar da ke kai jini ga kai ta rabu biyu, kuma a tsakanin rassan akwai wani ɗan ƙullutu da bai fi ƙwayar shinkafa ba, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Shi ne maigadin. Aikinsa ɗanɗana jinin da ke kan hanyarsa ta zuwa ƙwaƙwalwa, dare da rana. Wani masani ɗan ƙasar Beljiyam, Corneille Heymans, shi ya tabbatar da aikin wannan ɗan ƙullutu a gwaje-gwajen da ya yi a birnin Ghent, har aka ba shi kyautar Nobel ta shekarar 1938. Da zarar maigadin nan ya ji oksijin ya ja baya, cikin 'yan daƙiƙu zai aika wa ƙwaƙwalwa saƙo. Numfashi ya ƙara sauri da zurfi, zuciya ta ƙara bugu. Hakin da ya kama baƙon El Alto ke nan. Jikinsa ne ya tashi tsaye.

Daga nan sai rabo. Duk wanda ya taɓa noman rani a fadama ya san wannan aikin. Ranar da ruwan rijiya ya ja baya, manomi ba ya raba shi daidai wa daida. Sai ya datse hanyar fangalin da zai iya jure ƙishi zuwa gobe, ya fasa wa dashen da bai riga ya kama ƙasa ba. Haka jiki yake yi da jini. Ƙananan jijiyoyin jini suna da zoben tsoka a jikinsu, mai iya tsukewa da saki. Idan ƙarancin ya tsananta, sai a tsuke hanyoyin fata da na hanji da na ƙoda, a buɗe na ƙwaƙwalwa da na zuciya. Shi ya sa hannuwa da ƙafafun mai tsananin jinya suke yin sanyi, abinci ya fita daga ransa, fitsari ya ragu. An karkatar da rabonsu ne zuwa inda ba a iya jira.

Ita zuciya tana da nata dalili na musamman. Yawancin sassan jiki suna ɗibar kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na oksijin ɗin da jini ya kawo musu, su bar saura. Zuciya kuwa, ko mutum yana kwance, tana kwashe kusan kashi uku cikin huɗu. Ba ta da ragowar da za ta koma wa. Idan buƙata ta ƙaru, dole a ƙara mata jinin kansa. Kuma ba sai ta jira umarni daga ƙwaƙwalwa ba: naman da ke jin yunwar oksijin yana sakin wasu sinadarai, irin su adinosin da naitirik oksaid, waɗanda ke sa jijiyar da ke kusa ta saki jiki ta buɗe. Wato kowane fangali yana da bakin da zai nemi ruwa da kansa.

To, a nan ne za mu tsaya mu daɗe kaɗan, domin akwai wuri ɗaya a jiki da ya juya wa wannan ƙa'ida baya, wato huhu. A sauran sassan jiki ƙarancin oksijin shi kansa buɗe jijiyar da ke kusa yake yi, amma a huhu tsuke ta yake yi. Wasu masana biyu 'yan ƙasar Suwidin, Ulf von Euler da Göran Liljestrand, su suka bayyana wannan a shekarar 1946, bayan gwajin da suka yi a kan kyanwoyi. Da farko mutum zai ce wannan ai baya-baya ne. Amma duba hikimar. Sauran sassan jiki masu karɓar oksijin ne daga jini, huhu kuwa kasuwa ce da jini ke zuwa saro shi. Idan majina ta toshe wani lungu na huhu, iska ba ta shiga, aika jini wurin asara ce, zai je ya dawo hannu rabbana. Sai jijiyoyin wannan lungun su tsuke, jinin ya karkata zuwa inda iska ke shiga. Ba a kai buhu rumfar da babu hatsi.

Da wannan dabarar kowannenmu ya fara rayuwa. Jariri a ciki ba ya numfashi, daga mabiyiya yake samun oksijin, huhunsa kuma cike yake da ruwa. Saboda haka jijiyoyin huhunsa a tsuke suke, yawancin jini yana kewaye huhun ta wasu gajerun hanyoyi biyu, wata 'yar ƙofa a tsakanin ɗakunan zuciya da wata 'yar jijiya a samanta. Ranar haihuwa, da kukan farko iska ta cika huhu, jijiyoyin suka saki, jini ya kwararo, gajerun hanyoyin nan kuma suka fara rufewa. Kukan da ungozoma ke jira, wanda ke sa gida ya ɗauki guɗa, shi ne sautin buɗewar wannan hanya.

Sai dai dabarar da aka tanada domin lungu ɗaya takan zama masifa idan ƙarancin ya game huhu duka. A kan dutse mai tsayi babu lungun da ke da wadatar iska, don haka jijiyoyin huhu gaba ɗaya sukan tsuke, ɓangaren dama na zuciya ya shiga tura jini ta ƙuntatacciyar hanya. A jikin wasu mutane, musamman waɗanda suka yi gaggawar hawa sama da mita 2,500, matsin yakan kai ga ruwa ya tsattsafo cikin huhu bayan kwana biyu zuwa huɗu. Mutum ya kama tari, numfashi ya sarƙe ko yana zaune, kuma babban maganinsa shi ne a sauko da shi ƙasa ba tare da ɓata lokaci ba. Makiyayan duwatsun Kolorado a Amurka sun daɗe da sanin irin wannan a shanunsu: saniyar da aka kai tudu mai tsayi sai ƙirjinta ya kumbura da ruwa, saboda zuciyarta ta gaji. Shi ya sa masu hawan duwatsu suke yada zango suna kwana a hanya. Sannu ba ta hana zuwa.

Duk abin da muka faɗa zuwa yanzu aikin daƙiƙu ne da mintuna. Idan ƙarancin ya ɗore, sai jiki ya koma shirin dogon zango, kuma a nan ƙoda ce ke jan ragama. A shekarar 1890 wani likita ɗan Faransa, François-Gilbert Viault, ya hau zuwa garin Morococha mai ma'adinai a duwatsun Peru, ya riƙa ƙirga jajayen ƙwayoyin jininsa. Cikin kimanin makonni uku suka tashi daga miliyan 5 zuwa miliyan 8 a ɗan ɗigon da yake aunawa. Daga baya aka gano cewa ƙoda ce ke sakin wani sinadari, wanda ake taƙaita sunansa da EPO, shi kuma ya je ya umarci ɓargo ya ƙara ƙera jajayen ƙwayoyi. Oksijin ya yi ƙaranci a kowane buhu, sai a ƙara yawan jakunan dako.

Amma yaya ƙwayar halitta guda ɗaya take sanin oksijin ya ragu? Wannan tambayar ta ɗauki masana shekaru, kuma amsarta ce ta sa aka bai wa mutum uku kyautar Nobel ta shekarar 2019: Gregg Semenza da William Kaelin na Amurka, da Peter Ratcliffe na Ingila. Abin da suka gano yana da ban sha'awa ƙwarai. Kusan kowace ƙwayar halitta a jikinka tana ƙera wani sinadari mai suna HIF ba dare ba rana. Ka ɗauke shi kamar wasiƙar neman agaji da ake ta rubutawa. Muddin oksijin yana nan, shi ne ke sa a yi wa wasiƙar alama a yaga ta cikin mintuna kaɗan, kafin ta isa ko'ina. Ranar da oksijin bai zo ba, babu mai sa alamar. Sai wasiƙun su taru, su isa fadar ƙwayar halitta, a buɗe ɗaruruwan umarnin da ke rubuce a ƙwayoyin gado: a ƙara jini, a tsiro da sababbin ƙananan jijiyoyi, a sauya yadda ake ƙona sukari. Ka ga jiki bai jira ranar wahala ta zo sannan ya nemi alƙalami ba. Daga wannan ilimin har an samar da magungunan ƙarancin jini ga masu ciwon ƙoda.

'Yan wasan tsere sun ga amfanin wannan tun kafin a fahimci sirrinsa. A gasar Olamfik ta 1968 a birnin Meziko, mai tsayin mita 2,240, 'yan tudun Gabashin Afirka ne suka yi fice: Kipchoge Keino da Naftali Temu na Kenya, da Mamo Wolde na Habasha, kowannensu ya koma gida da zinariya.

Sai dai ƙarin jini ma yana da iyaka. Jinin da ƙwayoyinsa suka yi yawa yakan yi kauri, kamar kunun da aka cika wa gari, zuciya ta sha wuyar tura shi. Wani likitan Peru, Carlos Monge, ya bayyana wannan ciwon a shekarun 1920 a tsakanin mazauna duwatsun Andes: ciwon kai, kasala, rashin barci, leɓɓa su yi duhu. A nan ne muka dawo kan dattijuwar El Alto. Kakanninta sun shafe dubban shekaru a kan tudu, jininsu ya fi na mutanen kwari yawan hemogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar oksijin, ƙirjinsu kuma ya fi faɗi. Mutanen Tibet, a can nahiyar Asiya, wata hanya dabam suka bi. Binciken da Cynthia Beall da abokan aikinta suka daɗe suna yi ya nuna cewa jininsu bai cika yin kauri ba. Su numfashi suke ƙarawa, jikinsu yana samar da naitirik oksaid mai yawa, jijiyoyinsu a buɗe, jini yana gudu. A shekarar 2010 aka gano cewa wata ƙwayar gado mai suna EPAS1, 'yar gidan HIF ɗin nan da muka ambata, tana da hannu a wannan baiwa. Mazauna tsaunukan Habasha su ma da tasu hanyar. Matsala ɗaya, mafita uku. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Mai sauraro, wataƙila ka ce ina ruwanmu da duwatsun Boliviya, mu da tudun Jos ma bai fi mita 1,200 da 'yan kai ba? Ruwanmu a ciki yake tsundum, domin ba sai an hau dutse ake shiga ƙarancin oksijin ba. Akwai duwatsu uku da ke iske mu har cikin ɗaki.

Na farko shi ne ciwon sanyin haƙarƙari, wato nimoniya, wanda yana cikin manyan cututtukan da ke ɗauke mana ƙananan yara. Yaron da huhunsa ya cika da majina daidai yake da wanda aka ɗora a kan tsauni yana kwance a gadon uwarsa. Maigadin wuyansa yana ta kururuwa, kuma kururuwar ita ce saurin numfashi. Uwa, ki ɗaga rigarsa lokacin da ya natsu, ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar shi ne: jaririn da bai kai wata 2 ba, numfashi 60 ko fiye, daga wata 2 zuwa shekara 1, numfashi 50, daga shekara 1 zuwa 5, numfashi 40. Idan ya kai haka, ko kika ga ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki idan ya ja iska, ko ya kasa kama nono, to asibiti ne, yanzu ba gobe ba. A can akwai 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa domin auna oksijin ɗin jini. Mai lafiya yakan nuna 95 zuwa sama, wanda ya faɗo ƙasa da 90 kuwa yana buƙatar a sa masa oksijin. Ina roƙon masu riƙe da amanar asibitocinmu su ɗauki wannan na'urar da tukunyar oksijin a matsayin kayan dole, har a ƙaramin asibitin ƙauye.

Na biyu shi ne amosanin jini, wato sikila, wanda babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan jariran da ake haifa da shi. A jikin mai sikila, ƙarancin oksijin ne ke sa jar ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta maƙale a ƙaramar jijiya. Hanya ta toshe, oksijin ya ƙara raguwa, wasu ƙwayoyin su ƙara lanƙwashewa. Sanyi yana tsuke jijiyoyi, ƙishirwa tana kaurara jini, zazzaɓi yana ƙara buƙata. Shi ya sa rigar sanyi da yawan shan ruwa da gidan sauro suke da matsayin magani a wurinsa. Idan kuwa ciwon ƙirji da zazzaɓi da haki suka haɗu masa, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Na uku shi ne wanda ya fi tayar mini da hankali, domin shi maigadin ma yaudararsa yake yi. Lokacin hunturu mukan shigar da kaskon garwashi ɗaki mu rufe ƙofa da taga. Wasu kuma sukan kunna janareta a zaure ko a lungun ɗaki saboda tsoron ɓarayi. Gawayi da janareta suna fitar da wata iska mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana kama hemogulobin da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, ta hau kujerarsa ta zauna. Shi kuwa maigadin wuya, ɗan oksijin da ya narke a ruwan jini yake ɗanɗanawa, ba ya leƙa abin da jakunan dako suka ɗauko. Sai ya ji komai daidai, ya yi shiru. Babu haki, babu kururuwa. Abin da mutum zai ji shi ne ciwon kai da jiri da tashin zuciya da wani nauyin barci, kuma barcin nan ne wasu iyalai ba sa tashi daga gare shi. Idan mutanen ɗaki ɗaya suka kama ciwon kai lokaci guda, a buɗe ƙofa, a fita da kowa sarari, a nufi asibiti. Janareta wajen gida yake kwana, nesa da taga. Kasko kuma a ji ɗuminsa a fitar da shi kafin a kwanta.

Jama'a, duk wannan tsari da muka bi, daga ɗan ƙullutun wuya zuwa wasiƙar da ke cikin ƙwayar halitta, lokaci yake saya mana. Manomin da ya datse wa wani fangali ruwa ya san gobe sai ya biya shi, in ba haka ba shukar ta bushe. Haka ƙoda da hanji da aka hana rabonsu, haka zuciyar da ke gudu ba hutu. Baƙon El Alto zai huta kwana biyu jikinsa ya daidaita. Yaron da ke haki a kan tabarma ba shi da kwana biyun nan. Allah Ya yi mana jiki mai faɗa mana halin da yake ciki, Hausawa kuma suka ce jiki magayi. Saura mai ji. A daren yau, kafin a kashe fitila, a dubi inda kasko yake, a dubi inda janareta yake, a kuma saurari numfashin yara.

A nan za mu dasa aya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara mana lafiya mai amfani.